Shekarar da Na Gyara wa Iliya Hita

Akwai wata magana da kuke yawan faɗa a gidan nan wadda nake so in gyara tun ina da sauran numfashi. Duk baƙon da ya zo, sai na ji ɗayanku yana ce masa ai Baba da Bappa Iliya aminai ne, ba a jin kansu. Ranar bikin 'yar'uwarku Dija har wani ya miƙe ya yi misali da mu a gaban jama'a, wai ga Musulmi ga Kirista sun zama uwa ɗaya uba ɗaya. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce. Tsoro nake ji in mutu a bar ni da yabon da ba nawa ba, don ban san abin da zan ce ba idan aka tambaye ni a kansa. Iliya mutumin kirki ne, bai taɓa cuta ta ba, addininsa kuma bai taɓa tsaya mini a rai ba. Amma tun watan farko da ya shigo gidana nake kishinsa, kuma har yau da nake wannan rubutu abin bai sake ni ba. Ku karanta a hankali, kada ku tsallake.

A shekarar da mutanen Madagali da Michika, daga baya kuma na Mubi, suka gudo daga rikici suka cika Jimeta, ba masallaci ba coci ba makaranta da babu masu kwana a ciki. Wata rana da hantsi ina garejina a Dubeli, sai ga wata tsohuwar bas ta gangaro shiru, ba ƙarar inji, ta tsaya daidai bakin rumfata. Mutane a ciki, mutane a kan rufi, wata tsohuwa rungume da akuya. Direban ya sauko, gajere mai faɗin ƙirji, ƙafarsa ba takalmi. Na gane shi, Iliya ne, ya taɓa kawo mini gyaran birki lokacin da yake jigilar Mubi.

"Oga Bakari," in ji shi, "motar nan ya san gida. Tun Song nake roƙonsa, bai yarda ya mutu ba sai a ƙofarka."

Ya fashe da dariya. Mutumin da ya baro gidansa da gonarsa da duk abin da ya mallaka, yana dariya a gaban rumfata. Ni da ban rasa komai ba na tsaya ina lissafin inda za su kwana, da abin da za su ci, da ko rijiyarmu za ta ishe mu. Dadarku, mahaifiyarku, ba ta jira na gama lissafi ba. Ta share ɗakin da muke ajiye hatsi ta ba shi, da matarsa Saratu da 'yan matansu biyu. Mun ji cewa babban ɗansu, Bitrus, bai fito tare da su ba. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi.

Kun san halina, ba sai na ɓoye ba. Ni mutum ne da idan na ɗaure noti sai na dawo na sake taɓa shi, in na je gida kuma in zauna ina tunanin ko na ɗaure shi. Na sha bin mota a kan babur har Damilu don kawai in tabbatar na mayar da murfin mai. Masu mota suna son aikina amma ba sa son zama da ni. Su ajiye mota, su tafi wajen mai shayi, su aiko a tambaya ko na gama. Ban taɓa damuwa da hakan ba, domin ina da mutum ɗaya da ke tsayawa kusa da ni tun safe har yamma, wato Hammanku. Shi ne ɗana na fari, kuma sunan mahaifina yake ɗauke da shi. A yadda aka rene mu a cikin garin Yola, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, ko kallonsa ma ba ya daɗewa yana yi. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na yi da Hammanku. "Kai" nake ce masa, ko "wannan". A lokacin ya zama cikakken namiji, gemu ya fito, hannunsa ya fi nawa sauri, kunnensa kuma yana jin ciwon inji kafin nawa ya ji. Idan ya yi aiki mai kyau, sai in duba, in yi shiru, in wuce. Na ɗauka ya san ma'anar shirun. Garejin nan nasa ne a zuciyata tun yana rarrafe, ban dai taɓa furtawa ba.

Iliya bai san wannan al'ada ba, ko kuma ya sani bai dame shi ba. Ranar da Hammanku ya tayar masa da injin motarsa, daga ƙarshen rumfa ya ƙwala kira, duk layin ya ji. Zan rubuta sunan nan ne kawai domin daga bakinsa ya fito.

"Sa'idu! Kai, Sa'idu! Zo nan in ga hannun nan. Wallahi hannun nan ba na Dubeli ba ne, na Jamus ne!"

Ya kama shi ya rungume, da baƙin mai da komai, yana bubbuga bayansa. Na ɗago kai daga ƙarƙashin wata mota na ga fuskar Hammanku. Tun da aka haife shi ban taɓa ganin duka haƙoransa a waje ba sai ranar. Wani abu ya tokare ni a ƙirji har na ɗauka ciwo ne, da yamma na je aka auna mini jini. Aka ce lafiyata ƙalau.

Daga nan gidan ya sake. Da, in an gama cin abinci kowa kama gabansa yake. Yanzu bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Iliya ya zauna yana ba da labarin hanya: yadda ya taɓa ɗauko amarya ya mance ango a tasha, yadda wani ɗan sanda ya kama shi sai suka ƙare suna cin rake tare. Ku kanku kuna ƙanana kuna hawa kafaɗarsa. Ba wanda ya ce ku kira shi Bappa, ku kuka fara. Dadarku da ba ta dariya da ƙarfi sai in jiyo ta daga madafa tana cewa, "Kai Iliya, ka ji tsoron Allah!" Ni kuwa ina gefe a kan kujerata da rediyo a kunne, ina jin labarin garuruwan da aka shiga da waɗanda aka ƙwato, ina duba ko an kulle ƙofa. Idan na matso don in sa baki, sai hira ta lafa, Hammanku ya gyara zama ya sunkuyar da kai. Ladabi yake mini, na sani. Amma na fara ƙin ladabin nan. Da safe kuma in ji su a gareji, kai da kai a kan inji, suna magana ƙasa-ƙasa suna dariya, ina isowa sai a miƙo mini sifana.

Hanyar Mubi ta daɗe ba ta biyuwa yadda aka saba, ko da aka fara komawa ma Iliya ya ce ƙafarsa ba za ta iya taka totur ta wannan wajen ba tukuna. Da damina ta kama sai ya sami wasu 'yan kasuwa masu hawa Gembu, can kan dutsen Mambila, su kai kaya su sauko da ayaba da fiya. Tafiya ce mai nisa, ta Jalingo da Bali da Serti, ga tsohuwar mota. Ya zo ya same ni a rumfa.

"Oga Bakari, ara mini Sa'idu tafiya ɗaya. In motar ya yi tari a daji, ni dai addu'a kawai na iya."

Na ce to. Me zan ce? Suka tafi suka dawo lafiya, Hammanku ya riƙo mini ganyen shayi, ya ajiye a gabana. A tabarmar la'asar na ji sauran labarin, kuma a matsayin abin dariya aka ba da shi. Wai suna cikin hawan dutsen bayan Mayo Selbe aka tsuge da ruwa, gajimare ya sauko har kan titi, sanyi ya sa fasinjoji suka rufe tagogi. Numfashin mutane ya taru, gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki. Iliya yana tuƙi da hannu ɗaya yana goge gilashi da hularsa, Hammanku ya leƙa da kai ta taga cikin ruwa yana ce masa dama, hagu, dama. A wata kwana tayar baya ta taɓa bakin rami har duwatsu suka gangara, ba su ji ƙarar saukarsu ba.

Kowa ya yi dariya. Ni tuwon da ke hannuna ya koma kwano.

"Hita fa?" na ce. "Me ya hana ku kunna hita ku juya ta kan gilashi?"

"Hita?" Iliya ya dube ni ya dubi jama'a. "Oga Bakari, mu da muke kwana cikin hitar Allah a Yola? Na murɗa abin, iska ya fito kamar daga randa. Tun da na sayi motar ban taɓa sanin aikinsa ba."

Ba a jima ba maganar da nake tsoro ta fito. 'Yan kasuwar sun ce wa Iliya ya koma Gembu da zama, akwai aiki, akwai ɗakin haya, kuma garin yana neman makanike mai hannu. Hammanku bai iya faɗa mini da bakinsa ba, sai ya bi ta wajen Dadarku. Ita ma ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa. Ta same ni bayan sallar asuba ina shan kunu.

"Malam, yaron nan yana so ya bi su."

Na ce na ji.

"Ka ji kawai? Ba zan iya ce masa kada ya tafi ba, kai ma ba za ka iya ba. Amma ya ce ba zai hau dutsen nan da iyalin mutane ba sai ka duba motar ka ce ta isa. Duk Dubeli an san in ka ce mota ba ta da lafiya, ba ta da lafiya. Ni dai abin da na sani ke nan."

Ta ɗauki kofin ta fita. Ba ta ce in yi ƙarya ba, kada wani cikinku ya ɗora mata. Ta dai nuna mini ƙofa ta bar ta a buɗe. Na tafi gareji ina jin daɗin da ban ji irinsa ba tun zuwan Iliya. Tsohuwar mota ce, na ce a raina, ba yadda za a yi in rasa aibi na gaskiya a jikinta. Ba sai na yi ƙarya ba.

Na bi ta tun daga birki. Birki lafiya, Hammanku ya riga ya sake shi. Sitiyari lafiya. Giya tana shiga ba gardama. Duk inda na sa hannu sai in tarar hannunsa ya riga ni, kuma ya yi yadda zan yi. Abu ɗaya ya rage, hitar nan. Na ce idan ta mutu murus, to ina da hujjata, domin ba mai sayar da kayan hita a Jimeta, kuma ba zan bar ɗana ya sake leƙa kai ta taga a bakin rami ba.

Ga wanda bai sani ba a cikinku, hita ba wuta ba ce. Ruwan da ke sanyaya inji, in ya ɗauki zafi, wani sashe nasa yana bi ta tiyo ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, ya fito ta wani tiyon ya koma. Fanka tana hura iska ta cikin ƙaramin lagireton, iskar ta ɗumama. Idan iska ta fito da sanyi, to ko ruwan bai yi zafi ba, ko bai isa wurin ba, ko iskar ba ta bi ta wurin ba. Na kunna, fanka tana juyawa. Na tura maɓallin daga sanyi zuwa zafi, na kasa kunne, na ji ƙofar iska ta juya a ciki. Na bar injin ya huce, na buɗe lagireto, ruwa cike. Sai na sa Hammanku ya zagaya da motar har Alkalawa ya dawo, na leƙa allurar zafi, tana kwance a ƙasa kamar ba a tayar da injin ba.

Nan na san abu na farko. Akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin a bakin inji, tamostat, wanda ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da ya kamata kafin ya sake shi. A garin nan duk motar da ta iso daga Kwatano, abin da mai ita ke fara cewa shi ne a cire masa wannan, wai na ƙasar sanyi ne, zai dafa masa inji. Na kwance gidansa, wayam. Kowane makanike jefar da su yake a bola. Ni ban iya ba. Kullum sai in ce kada wata rana mai shi ya dawo ya ce in ba shi abinsa, don haka nake tara su a wani tsohon gwangwanin fenti, shekara da shekaru, ana yi mini dariya. Na juye gwangwanin a ƙasa na zaɓi wanda ya yi daidai, na aika gida aka kawo tukunya da risho. Na jefa shi a ruwa muna kallo. Da ruwan ya kusa tafasa sai bakinsa ya buɗe a hankali.

"Yau kuma miyar ƙarfe za mu sha?" in ji Iliya. "Oga Bakari, kada ka dafa mini mota. Shi kaɗai ya rage mini."

"A kan dutse ba zafi ne zai kashe ka ba," na ce masa.

Na ɗaura. Allura ta hau ta tsaya a tsakiya, ba ta wuce ba. Na sa hannu a bakin iska, har yanzu sanyi. Murna ta kama ni, Allah Ya yafe mini. Na bi tiyo biyun nan da hannu har inda suke shiga bayan dashbod. Tiyon shiga yana ƙona yatsa, na fita kuwa sanyi ƙalau. Ruwa yana zuwa bakin ƙofa, ba ya wucewa. Ƙaramin lagireton ya toshe.

A nan zan iya tsayawa. Ba wanda zai ce na yi ƙarya in na ce ya toshe, kuma ba a samun sabo. Hammanku yana tsaye a bayana, bai taɓa ganin an yi wannan aiki ba, ba wanda ke kawo gyaran hita a Yola. Na tsaya riƙe da tiyon nan har yatsuna suka yi ja. Abin da ya hana ni shi ne na san halina, kuma na san halin Iliya. Zai yi dariya ya ce to hula tana nan, ya ɗebi Saratu da 'yan matan ya hau dutsen haka nan, ba ma mai leƙa masa ta taga. Ni kuma in zauna a Dubeli ina jiran labari, na san akwai abin da ban gwada ba. Ba zan sake cin abinci ya zauna mini ba. Ba alheri ne ya motsa ni ba, ku fahimta, tsoro ne.

Muka tura motar wajen masu wankin mota na bayan layi, na cire tiyo biyun, na sa ruwan famfo ta bakin fita domin ya tura dattin ya koma ta inda ya shigo. Na ce a sassauta ruwan, abin siriri ne, yana iya fashewa. Da farko ba abin da ya fito. Can sai ya yi tari, ya feso jar laka, bayanta kuma wani abu fari-fari mai kauri, guda-guda, ya zubo a kan siminti. Na ɗauka na murje a yatsa, na shinshina.

"Wannan ai gari ne," na ce. "Wa ya zuba wa mota garin masara?"

Na juya ina jiran wani barkwanci. Iliya yana tsugune yana kallon abin da ruwa ke ja zuwa kwata. Ya sa hannu ya tare.

"Bitrus ne," in ji shi.

Ya ce ranar da suka gudu ba su bi titi ba, ta gonaki suka yanka. Kututture ya huda lagireto, ruwa yana zuba, ana jin harbi a bayansu. Wata mata tana da ɗan gari ƙulle a bakin zane, abincinta ke nan ita da 'ya'yanta. Bitrus ya roƙe ta, ya zuba a lagireto don ya toshe hujin, ya cika da ruwan wani kududdufi da takalmin ubansa, don ba su da ko gwangwani. Inji ya tashi. Sai Bitrus ya ce kakarsa tana gida ba ta iya tafiya, su yi gaba, zai goyo ta ya same su a Uba.

"Na jira shi a Uba har mutane suka fara kuka a cikin motar," in ji Iliya. "Shi ne yake zama a gefena. Tun yana ƙarami shi ne a gefena."

Bai yi kuka ba. Ya dai ci gaba da tare ruwan da tafin hannu. Hammanku ya tsuguna kusa da shi ya dafa kafaɗarsa, suka zauna haka. Na tausaya wa Iliya, Allah shaida ne, har idona ya kawo ruwa. Amma ina tsaye da tiyo a hannu, jiƙe har gwiwa, na gano ciwon da ba wanda ya gano, kuma ɗana ko ɗago kai bai yi ya dube ni ba. A wurin na fahimci abin da Iliya yake nema a gidana, na kuma fahimci ba ni da bakin da zan hana shi. Shi nasa ya tafi bai dawo ba. Ni nawa yana gabana shekara da shekaru ina ce masa "kai".

Na ci gaba da wankewa har ruwa ya fito garau. Na mayar da tiyo, na ɗora gaban motar a kan tudu, na bar murfin lagireto a buɗe inji yana aiki har kumfar iska ta gama fita, na cika, na rufe. Da azahar ce, rana tana dukan kwano. Na murɗa maɓalli. Iska mai zafi ta bugi gilashi ta dawo mana a fuska. Masu wankin mota suka taru suna leƙe, ɗaya yana cewa yau Bakari ya gama, ya rasa abin gyara sai zafi a Yola. Iliya ya shiga ya rufe tagogi ya zauna yana zufa yana dariya, dariyarsa ta dawo. Na sake taɓa tiyo biyun, duka zafi. Na leƙa ƙarƙashin dashbod na shafa ko akwai ɗigo, babu. Na sake shafawa. Sai na ji muryar Hammanku a bayana.

"Baba, za ta hau?"

Ban juya ba. Na san abin da yake tambaya, shi ma ya san na sani. Na so in ce masa garejin nan nasa ne, na so in ce hannunsa ya fi nawa tun tuni. Bakina bai saba ba.

"Za ta hau," na ce.

Da na koma gida Dadarku ta dubi fuskata sau ɗaya, ta shiga ɗaki ta fara haɗa masa yaji da kuka da daddawa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har yau, wannan ma wani nauyi ne.

Sun tashi da safe bayan an karya. Saratu ta rungume Dadarku suna kuka, ku kuna rataye a wuyan Iliya. Hammanku ya zo ya durƙusa a gabana, na ce Allah Ya kiyaye hanya, ya riƙa duba allura, kada ya buɗe lagireto da zafi. Abin da na iya ce masa ke nan. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba ya zauna a gefen Iliya. Washegari da la'asar wayata ta yi ƙara, na ɗauka da sauri har ta kusa faɗuwa. Muryar Iliya ce.

"Oga Bakari! Mun hau! Ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma gilashi tas, har tsuntsu ina gani. Matan baya suna cewa a rage zafi. Sa'idu yana sauke kaya, ya ce in gaishe ka. Kada ka damu da yaronmu, yana hannuna."

Na ce na gode. Kuma da gaske na gode, don ya riƙe shi da amana, shi ya tsaya masa har ya buɗe garejinsa, shi ya je neman aurensa tare da ƙanena lokacin da hawan jini ya kwantar da ni. Nawa garejin kun san yadda ya ƙare. Na riƙe shi har idona ya fara gazawa, yanzu masu gyaran keke napep ne a ciki.

To wannan shi ne amincin da kuke ba mutane labari. Ban taɓa zuwa Gembu ba. Duk shekara Hammanku yana cewa in zo in ga 'ya'yansa a gidansu, ina ce masa sanyi ba ya yi wa ƙirjina daɗi. Ƙirjina lafiya lau. Abin da nake gudu shi ne in shiga gidan ɗana a shimfiɗa mini tabarmar baƙo, Iliya yana nuna mini inda buta take. Amma bana na ga jikina, na ga kuma Iliya ma ya tsufa, ya daina tuƙi. Na aika wa Hammanku ta bakin Dadarku cewa zan zo bayan Sallah. Sharaɗina ɗaya ne, kuma na ce ta faɗa masa yadda na faɗa, kada ta sassauta. Shi zai sauko ya ɗauke ni, shi kaɗai, ba ɗan rakiya. Daga Jimeta har kan dutsen, ni zan zauna a gefensa.